Kanya Babba: Zaman Makokin Da Babu Kushewa

Ranar 15 ga Janairu na bar Kano da sassafe, hazo ya rufe gari har ba ka hango motar da ke gabanka sai ta kunna fitila. Ta'aziyya ce ta fitar da ni. Wani ɗalibina da nake duba kundin digirinsa na biyu ya yi rashin yayansa, soja, wanda aka kashe a wani ƙauye na jihar Borno, gidansu kuwa yana Kanya Babba cikin ƙaramar hukumar Ɓaɓura. Ban zaɓi ranar da gangan ba, ita ce kawai ba ni da aji. Sai da muka wuce Kunya direba ya murɗa rediyo, muka ji ana ba da labarin bikin tunawa da mazan jiya a Abuja: fareti, ajiye furanni, sakin fararen tantabaru. Direban nan da bai ce uffan ba tun daga tasha sai ya yi tsaki ya ce, "Tantabarun dai sun ji daɗi, an sake su." Daga nan ya mayar da mu tashar waƙa.

Ƙasar da hanyar take ratsawa a shimfiɗe take kamar faifai. An gama girbi, an jingine karan gero da na dawa a jikin itatuwa, gawo ya yi ganye shar a daidai lokacin da sauran bishiyoyi suka tsiraita. Nan da can ka ga buhunan riɗi da zoɓo a bakin titi suna jiran mota, ko amalanken shanu yana tafe a hankali, yaron da ke kansa ya ƙudundune cikin zane saboda hunturu. Duk wanda ya ga wannan ƙasa a irin wannan safiya zai iya rantsuwa cewa ba a taɓa zare takobi a cikinta ba.

Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, kwana na uku ke nan da fara zama. Na durƙusa na gai da mahaifin, na yi masa gaisuwar rashi, ya ce, "Allah Ya ba da lada, Malam. Kun sha hanya." Aka shafa fatiha. Na jima a zaune ina jin akwai abin da ya bambanta wannan zama da waɗanda na saba, kafin na gane ko mene ne. A ta'aziyyar da muka sani, ba a rasa wanda zai ba ka labarin yadda aka yi jinya, da wanda ya yi wanka, da wanda ya ja salla, da yawan jama'ar da suka raka. A nan babu ko ɗaya. Babu wanda ya ga gawa, babu wanda ya kama makara, babu wanda ya zuba ƙasa. An binne shi a maƙabartar sojoji a Maiduguri, kuma wani abokin aikinsa ne ya fara bugo waya ya faɗa. Da aka ɗan sarara, dattijon ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini waya mai fasasshen gilashi. Hoton jerin sababbin kaburbura ne, kowanne da ɗan allo a kansa, rubutun ba ya karantuwa. Ya ce, "Sun ce na huɗu ne daga dama."

Kafin na sami abin cewa, wata murya daga gefen tabarma ta ce, "Wannan ai ya yi sa'a. An san inda yake."

Wani tsoho ne siriri, ya ɗora tsohuwar rigar sanyi a kan taguwa, ya miƙe ƙafa ɗaya wadda da alama ba ta lanƙwasuwa. Babu wanda ya ji haushin maganarsa. Ɗalibina ya raɗa mini cewa duk unguwar Kofur ake ce masa, har jikokinsa, kuma ya yi yaƙin Biyafara. Bayan an yi azahar na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ban gane maganarka ta ɗazu ba." Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi sana'ata. Da na ce tarihi nake koyarwa a jami'a, ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa abinci bayan ya riga ya yi barci da yunwa.

A 1967 ya shiga soja, yana ɗan shekara goma sha tara ko ashirin. Lokaci ne da ake ɗiban samari babu ƙaƙƙautawa, domin rundunar da ba ta fi mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta kai wajen 250,000 kafin a gama shi. Makonni kaɗan aka koya musu riƙon bindiga, aka tura su Runduna ta Biyu da ke ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammad. A watan Oktoba na wannan shekara suka tsaya a Asaba, bakin kogin Kwara, suna hango Anaca a ɗaya gaɓar. Sojojin Biyafara sun riga sun karya gada, sai aka yanke shawarar a ƙetara cikin jiragen ruwa. Littattafai sun rubuta abin da ya biyo baya a taƙaice: sau uku ana gwadawa ana shan kashi, an yi asarar mutane da kayan yaƙi masu yawa, ba a kama Anaca ba sai a watan Maris na 1968, shi ma ta tudu aka zagayo. Na sha karanta wannan, na kuma sha faɗa wa ɗalibai cikin jimla biyu. Kofur bai faɗe shi cikin jimla biyu ba.

Ya ce, "Malam, ni fa kafin nan ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufi ba. Aka zuba mu a jirgi kamar buhunan gyaɗa. Ga takalmi, ga bindiga, ga jakar harsashi a wuya. Da wuta ta buɗe daga can, jirgi ya karkata, wanda ya faɗa ko kumfa ba ya yi. Mu bakwai muke cin abinci a kwano ɗaya tun daga wajen horo. Mu biyu muka ga ƙarshen yaƙi. Uku suna cikin ruwan nan. Ka gaya mini, wa zai ce maka na huɗu daga dama?"

Mai karatu zai ce ai wannan yaƙi an ci shi, Kofur yana ɓangaren da ya yi nasara. Haka ne a takarda. Amma kowane yaƙin da aka ci yana ɗauke da ranakun da aka sha kashi a cikinsa, kuma su ne ake fara sharewa idan an zo ba da labari. Wanda ya mutu ranar da aka kama gari yana iya samun layi guda a littafi. Wanda ya nutse ranar da aka kasa ƙetare kogi abin kunya ya tuna wa manya, don haka shi da ranar ake haɗawa a rufe.

Da la'asar ta kawo jiki na roƙi ɗalibina ya zaga da ni bayan gari. Muka bi ta cikin gonaki, rairayi yana cika mana takalma. Ina tafe ina tuna cewa kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layin da ya raba Nijeriya da Nijar, wannan yanki shi ne bakin iyakar Kano ta arewa, kuma iyaka ce mai zafi. Ɓaɓura tana cikin garuruwan ribaɗi da aka ƙarfafa domin tare mayaƙan Damagaram, masarautar da tun zamanin Sarki Tanimu take ƙera igwa da kanta. A ƙarshen shekarun 1890 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kutso ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, kuma sunayen Gezawa da Tattarawa sun shiga tarihi ne saboda jinin da aka zubar a wajen. Kanawa sun ji jiki. Rundunar da za ta taso daga arewa ta kai can kuwa, a kan talakawan irin waɗannan ƙauyuka take fara sauka: rumbunansu take ci, 'ya'yansu take kamawa. Sai ga shi a 1899 Faransawa sun karya Kuran Daga a Tirmini, ba a jima ba aka kashe shi. A Fabrairun 1903 Kano ta faɗa hannun Ingilishi, Waziri Ahmadu ya kwanta dama a Kwatarkwashi, aka kama Alu aka kai shi Yola, daga can Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Cikin shekara huɗu, mai kai hari da mai tarewa duk an ci su da yaƙi.

Na tambayi ɗalibina ko a gida an taɓa ba shi labarin wani kakansu da ya yi waɗannan yaƙe-yaƙe. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce abin da ya sani kawai shi ne kakarsa idan yaro ya cika ɓarna takan ce kamar Damagarawa sun shigo. Ita kanta kuwa, in ji shi yana dariya, daga wajen Magarya aka auro ta.

Idan aka ƙara ja baya, labarin bai sake ba. A arewacin Kano ne, a Ɗanyaya, wajen 1807, masu jihadi suka karya rundunar Sarkin Kano Alwali, wanda daga baya aka kashe a Burumburum. Mun san sunayen malaman da suka riƙe tuta, mun san Ɗantunku wanda zuriyarsa ke sarautar Kazaure har yau. Dubban da suka tsaya tare da Alwali suka mutu fa? Ba su da ko kirari. Haka Tukurawa bayan Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895: an kashe Sarki Tukur, aka watsa magoya bayansa, labarin ya koma hannun Yusufawa. Kalmar ce kawai ta tsira, har muka aro ta muka laƙaba wa yaƙin su Kofur.

Ba wai ba mu iya tuna shan kashi ba ne. Mun iya, idan an cika sharuɗɗa biyu: a sami sunan da zai mayar da faɗuwa ɗaukaka, kuma wanda ya faɗi ya kasance mai sarauta. A cikin jihar nan ta Jigawa akwai misali. A watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka auka wa Haɗeja, Sarki Muhammadu da manyan fadawansa suka ƙi miƙa wuya aka kashe su. Yau ko yaro ka tambaya a Haɗeja zai ce maka Mai Shahada, kuma da alfahari zai faɗa. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ya faɗi a Burmi a Yulin 1903 shi ma da hijira da shahada ake tuna shi. Sun cancanta, ba na jayayya. To amma makonni kaɗan kafin Haɗeja, a watan Maris na wannan shekara ta 1906, an murƙushe Satiru kusa da Sakkwato. Talakawa ne da bayin da suka gudo, da gatura da fartanya suka tashi, har suka kashe jami'an Turawa a karon farko. Aka dawo musu da bindiga mai ruwa, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe garin, aka la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Turawan da suka ci Haɗeja su ne suka ci Satiru, a shekara guda. Ɗaya ta sami laƙabi, ɗaya ta zama kufai. Bambancin kuwa ba a jarunta yake ba. Mutanen Haɗeja sun bar magada a gadon sarauta da makaɗa a ƙofar fada, mutanen Satiru ba su bar kowa ba.

Shekaru ina tsayawa gaban aji ina cewa mantuwa cuta ce, ina kukan yadda aka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu wajen 2009 har aka yi kusan shekara goma ana yaye yara ba tare da shi ba. Har yanzu ina kan wannan kuka. Sai dai tafiyar nan ta rage mini kaifin baki. A kasuwannin wannan yanki, mutumin Magarya da na Ɓaɓura suna cinikin akuya, suna canjin sefa da naira, suna ba juna aure, babu wanda yake bin wani bashin jinin Tattarawa. Da a ce kowace shekara ana tara yaran Kanya Babba ana lissafa musu abin da Damagarawa suka yi wa kakanninsu, da kakar ɗalibina ba ta shigo gidan ba. Kakanninmu ma sun san wannan, shi ya sa suka mayar da tsohuwar gaba wasa: Bafulatani da Babarbare da suka gwabza a zamanin jihadi yau taubasai ne, zagin juna suke yi ana dariya. Akwai kuma al'ummar da ta zaɓi akasin haka. Sabiyawa sun riƙe kashin da suka sha a hannun Turkawa a Kosobo a 1389 kamar jiya aka yi. Ranar cika shekara 600 da yaƙin, a Yunin 1989, Slobodan Milosevic ya tara ɗimbin jama'a a filin ya yi musu jawabi, shekara biyu bayan haka Yugoslabiya ta kama da wuta. Tunawa ma tana kisa.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda muka cakuɗa abubuwa biyu. Mantawa da gaba daban, mantawa da mutum daban. Mu kuwa da muka tashi yafe wa juna, sai muka haɗa har da sunayen matattu muka zubar, kamar mai share ɗaki ya kwashe shara da kuɗin cefane.

Na san abin da wasu za su ce: mu Musulmi ne, ba ma gini a kan kabari, ba ma kafa gunki, addu'a ta isa. Gaskiya ne ba ma gini. Amma wa ya ce ba ma riƙe suna? Yaƙin Uhudu, a shekara ta uku bayan hijira, rana ce da Musulmi suka ji jiki, aka kashe sahabbai kimanin saba'in, ciki har da Sayyidina Hamza. Ba a ɓoye ranar ba. Alƙur'ani ya yi dogon bayani a kanta cikin suratu Ali Imrana, har da kuskuren da ya jawo ta. Marubutan sira irin su Ibn Hisham sun jera sunayen waɗanda suka faɗi, kowa da ƙabilarsa, manya da ƙanana, kuma har gobe alhazanmu na Jigawa suna zuwa gindin dutsen su yi musu sallama. Ashe riƙe sunan wanda ya faɗi ranar da aka sha wuya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sakaci ne kawai muke sa wa rigar tawakkali.

Amurkawa ma sai da suka sha wahala kafin su gano hanyar. Sun fita daga Biyetnam a kunyace, sojojinsu suka dawo gida babu mai tarya. A 1982 aka buɗe wani bango na baƙin dutse a Washinton, wanda wata ɗalibar jami'a mai suna Maya Lin ta zana. Babu doki, babu janar, babu kalmar nasara. Sunaye ne kawai, fiye da 58,000, a jere bisa ranar da kowa ya faɗi. Wanda ya goyi bayan yaƙin da wanda ya la'ance shi duk suna iya tsayawa a gabansa, domin bangon bai ce yaƙin daidai ne ko kuskure ba. Faransa kuwa sai a 1999 majalisarta ta yarda a kira abin da ya faru a Aljeriya da sunan yaƙi, shekara 37 bayan an gama shi. Ita ce kuma ta daskarar da fanshon sojojinta na Afirka tun 1959, har da na nan tsallaken iyaka a Nijar, ba ta fara daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan 2006, lokacin da akasarinsu sun riga sun mutu.

Ba ni da bakin zargin kowa, domin ni ma na yi nawa. Kakana na wajen uwa ya je yaƙin Bama. Yana cikin samarin Afirka ta Yamma da Ingila ta kwasa cikin Runduna ta 81 da ta 82, suka yaƙi Japanawa a dazuzzukan Kaladan da Arakan, har suka kama Myohaung a Janairun 1945. Abin da na sani game da shi ke nan, kuma a littafi na karanta, ba daga bakinsa ba. Ya rasu ina aji uku na firamare. Ya bar wata lamba mai siffar tauraro a cikin gwangwanin alawa, muka ɗauke ta muna wasan soja da ita a tsakar gida. Ina tuna na taɓa juya bayanta ina neman rubutu, babu komai, ko sunansa ba a sa ba. Wata rana mai sayen gwangwan ya zo, muka haɗa ta da tsofaffin kwanoni muka karɓi kuɗin rake. Yau ni ne nake zuwa gidan adana takardun tarihi na Kaduna ina shaƙar ƙura, ina neman irin abin da na sayar da hannuna.

Ƙasar ma haka ta yi da su. Barikin Dodan na Legas, inda aka mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1991, sunan wani wuri ne a Bama, amma da yawa daga cikinmu mun ɗauka dodo ake nufi. Barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya duk daga wancan yaƙi suka samo suna. Wuraren da aka mutu mun riƙe, waɗanda suka mutu mun saki. Ingila kanta a 2021 hukumarta mai kula da kaburburan yaƙi ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, wasu ma ba a yi musu wata alama ba sam.

Ranar da na yi wannan tafiya ita kanta tana ɗauke da kaya uku. A wurin gwamnati, 15 ga Janairu ita ce ranar da Biyafara ta miƙa wuya a 1970, shi ya sa aka mayar da bikin mazan jiya kanta daga 11 ga Nuwamba da aka gada daga Turawa. A wurin ɗan Arewa, ita ce ranar da aka kashe Sardauna da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari a 1966. A wurin Inyamuri kuwa, ranar faɗuwa ce, kuma ana gayyatarsa ya zo ya yi fareti a kanta. Shi ya sa can Gabas suka riƙe tasu ranar, 30 ga Mayu, ranar da aka ayyana Biyafara a 1967. Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci, kuma wannan magana ta hana ramuwar gayya, ba ƙaramin abu ba ne. Amma ta zama murfi. A ƙarƙashinta nakasassun sojojin Biyafara suka shafe shekaru a Oji River suna bara a bakin titin Inugu zuwa Anaca. Sai a 2000 Shugaba Obasanjo ya mayar da korar da aka yi wa sojojin Nijeriya da suka koma Biyafara ta zama ritaya. A ƙarƙashinta kuma mu a Arewa muka daina ambaton Inyamuran da aka kashe a garuruwanmu a 1966, da ɗaruruwan fararen hula da sojojin tarayya suka harbe a Asaba a farkon Oktoban 1967, waɗanda mutanen garin suke taruwa duk shekara suna karanta sunayensu. Akwai gidan tarihin yaƙin a Umuahiya, cike da motocin sulke da bama-baman da Biyafara ta ƙera da hannunta. Ƙarfe ya sami mai ajiye shi.

Na tambayi Kofur game da Asaba. Na daɗe ina juya tambayar kafin na yi ta, domin a gidan makoki muke. Ya ɗauke kai ya dubi bangon da ke gabanmu, ya jima, sannan ya ce, "Malam, akwai abin da mutum yake bari sai tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma su ma 'ya'yan wasu ne." Ban ƙara ba.

Da magariba ta gabato ya aiki wani jikansa gida, yaron ya dawo da wata baƙar leda da aka naɗe da tsumma. Takardun sallamarsa ne daga soja, sun yi laushi kamar ganyen kuka, da hoto ɗan ƙarami na wani saurayi mai faɗin kafaɗa da ban iya haɗa shi da tsohon da ke gabana ba. Ya ba ni labarin tafiye-tafiyen tantancewa: a ce su hallara a wani ofis a birni, ya ci bashin kuɗin mota, su kwana a barandar masallaci, a ce wani harafi a sunansa bai yi daidai da na wata takarda ba, ya dawo. Bai faɗa da ɗaci ba, kamar labarin damina mara kyau yake bayarwa. Ya ce da aka naɗa ɗan Ɓaɓura, tsohon gwamna Badaru Abubakar, ministan tsaro a 2023, yara sun yi ta zolayarsa wai kakarsa ta yanke saƙa. Ya yi dariya har da tari. Daga cikin gida kuwa ana jiyo kukan jariri. Ɗalibina ya ce ɗan marigayin ne, wata huɗu, uban sau ɗaya ya gan shi. Matar tana takaba, kuma an riga an aiko da jerin takardun da za a haɗa kafin a fara maganar haƙƙinsa. Kofur ya nuna ledarsa da haɓa ya ce wa ɗalibin nawa, "Ka saya mata irin wannan, mai kauri."

Na ciro littafina na ce, "Baba, faɗa mini sunayen mutanen nan naka shida." Ya gyara zama. Ya fara da wani ɗan Gumel da ya iya kiɗan kwano, sai wani Batibi da ya koya masa cin doya, sai wasu 'yan uwan juna biyu daga wajen Katsina, sai wani Babarbare da yake ja musu salla. Kowanne ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, da inda ya faɗi ko inda aka rabu, ina rubutawa. Biyar suka cika. Da ya zo na shida sai ya tsaya. Ya rufe ido, leɓunansa suna motsi. Ya ce yaro ne ƙarami, ya yi ƙaryar shekaru aka ɗauke shi, shi ne yake kusa da shi a cikin jirgin, har ya riƙe masa hannun riga. Ya ce jiya-jiyan nan sunan yana bakinsa. Muka jira. Aka kira salla, muka tashi.

Bayan an idar na yi sallama da mahaifin marigayin, ɗalibina ya raka ni bakin titi inda motar Kano ta ƙarshe take lodi. Sanyi ya sauko, masu shayi sun hura wuta. Na shiga na zauna, yaron mota yana ƙoƙarin rufe ƙofa, sai ga jikan Kofur a guje babu takalmi, yana haki. Ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, Baba ya ce a gaya maka ya tuno garinsu, mutumin Roni ne. Ya ce ka bar wurin sunan, kada ka rubuta komai, idan ya zo masa zai aiko."